Ƙusa da Ƙasa

A bakin Babbar Kasuwa nake zama,
ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo ta gabas.
Shekara ashirin da bakwai ina naɗa wayar tagulla
a cikin injinan ban ruwa na mutanen Jiratawa.
Hannuna ya riga bakina sani:
juya mayen ƙarfe a tsakiyar naɗi, wuta ta tashi,
zuba wuta a naɗin, ƙarfe ya zama maye.
Wa da ƙane ne, nono ɗaya suka sha.

Barira ta dawo daga jami'a da azahar,
alli a gefen mayafinta.
Ta zauna kan mataccen batir tana ɓare gyaɗa.
Ta ce, Baba, hasken nan ma su biyun ne,
wannan ya haifi wancan, wancan ya haifi wannan,
suna goyon juna suna gudu
tun daga rana har cikin idonka.

Na ce, to ai gida ya haɗu.
Ta ce, saura ɗaya.

Ta ɗauki ƙusa ta saki, ta faɗo tsakanin ƙafafuna.
Wa ya kira ta?
Ba waya, ba naɗi, ba takardar kuɗin wata.
Sai ta jawo ɗan mayen da na ciro daga lasifika,
bai kai goro ba,
ya tsince ƙusar, caraf.
Ka gani? Duniya duka tana jan ta,
da duwatsunta, da Gulbin Maraɗi,
da tekun da ba mu taɓa gani ba,
ɗan wannan ya kayar da ita.

Na yi dariya. Ashe babban rago ne.

Ta ce, ragon ne ke riƙe da wata ba igiya.
Maye fuska biyu gare shi, ya ja, ya tura,
wuta ma haka,
sai ƙarfinsu ya cinye juna kafin su yi nisa.
Shi kuwa bai san kora ba.
Ja kawai, kaɗan-kaɗan,
kuma ba ya manta kowa.

Mati ya kama bakin buhu, na kama ɗaya,
ta ɗora guduma a tsakiya, buhun ya lotsa.
Ta gangaro da ƙwayar boris,
ta kewaya, ta kewaya, ta kwanta jikin guduma.
Wai ba ma ja ba ne,
sarari ne ya lanƙwashe, kowa na bin gangara,
har haske in ya zo wucewa yakan sunkuya.

Masana sun cika allo sun goge,
sun sake cikawa, furfura ta riske su,
suna neman layi ɗaya na lissafi
da zai zaunar da ukun a tabarma ɗaya.
Har yau babban bai shigo zaure ba.

Ban ce mata komai ba.
Yaya Nomau na tuna, can Tibiri.
Shekara tara ba mu gaisa ba, kan iyakar gona,
kan wata tsamiya da ta riga ta bushe.
Bai kira ba, bai aiko gaisuwa ba,
amma duk kaka damin gero yakan iso ƙofata
a bayan amalanke, ba saƙo.

Da magariba aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Injin gwaji ya yi shiru,
ruwan da ya hau tiyo ya koma inda ya fito.
Shekara ashirin da bakwai ina gardama da wannan komawa.

A cikin duhu na laluba na ɓamɓare ƙusar,
na saki.
Na ji ta taɓa ƙasa.

Na ce, Mati, duba man babur,
gobe da sassafe zan fita.